HAZON HUNTURU DA NA'URAR HANGEN TAURARI: MISALI DAGA UNGUWAR DOSA



Abin da za a yi magana a kansa yau ƙura ce. Ƙurar da ake nufi kuwa ita ce wadda ke sauka a kan madubin na'urar hangen taurari, musamman irin na'urar nan da akan kafa cikin ɗan ɗaki a saman gida, a haɗa ta da kwamfuta, ta riƙa buɗe rufinta da kanta idan dare ya yi, ta ɗauki hotunan sama, ta rufe kafin gari ya waye, alhali mai ita yana barci. Irin waɗannan ɗakuna sun yawaita a Turai da Amurka tun daga shekarun 1990, sa'ad da kwamfuta da kyamarar lantarki suka yi araha. An zaɓi Unguwar Dosa ta Kaduna domin a yi misali da ita, saboda unguwa ce ta gidajen zama da makarantu, ga Kwalejin Tunawa da Sardauna a cikinta, ga Kawo da hada-hadar motocinta a kusa. Duk abin da zai sami madubi a can, shi zai same shi a Zariya da Kano da Katsina, in ma bai fi ba.

Ta fuskar matsayi, Kaduna ta yi dace. Tana kimanin digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a cikin shekara kusan dukan taurarin sama, na arewa da na kudu, sai sun ratsa ta kanta. Mutumin Landan ba zai taɓa ganin tauraron Suhailu daga ƙofar gidansa ba, amma mutumin Unguwar Dosa yana ganinsa a kudu a watan Janairu da Fabrairu. Kaza da 'Ya'yanta kuwa a watan Disamba kusan a tsakar ka take wucewa. Sai dai akwai cikas. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, gajimare ya rufe sama, a watan Agusta ma akan yi kwanaki ba a ga tauraro ba. Idan ruwa ya ɗauke, gajimare ya waste, sai kuma hunturu ya shigo da hazonsa daga Nuwamba zuwa Maris. Watau lokacin da sama ta fi buɗewa shi ne lokacin da iska ta fi ƙura. Mai na'ura ba shi da damar ya ce zai jira ƙura ta wuce, domin in ta wuce gajimare ne zai gaje ta.

Ya kamata a san inda wannan hazo yake fitowa, domin sanin asalinsa shi ke nuna irin ɓarnar da yake yi. Mafi yawansa daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, ba nesa da garin Faya-Larjo ba. Shekaru dubbai da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da tafkin ya ninka na yanzu sau da yawa. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne masu jiki kamar gilashi. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwa daga bakin indararo, ta kwashe wannan ƙasa ta yi sama da ita. Akan yi haka wajen kwana 100 a shekara. Tsakanin Bodele da Kaduna ya fi kilomita 1,300, kuma ƙurar takan ci wannan tafiya cikin kwana ɗaya zuwa uku. A hanya tana haɗuwa da ƙurar rairayin hamada. Wani masani mai suna Grant McTainsh ya tara ƙurar hunturu a ƙasar Kano ya auna ta, ya buga sakamakonsa a mujallar Nature a 1980. Abin da awon ƙurar ya nuna shi ne, kaso mafi girma a cikinta ƙanƙarar dutse ce, irin mai ƙyallin nan da ake gani cikin rairayi, sauran kuwa yumɓu ne da makamantansa.

Ba yau aka fara kuka da ita ba. A watan Janairu 1832 jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle ya isa tsibiran Kef Bade, yamma da Senegal, da Charles Darwin a cikinsa. Darwin ya rubuta cewa ƙura mai laushi ta riƙa sauka a kan jirgin, har ta ɗan taɓa na'urorinsu na duban taurari. An aika da irin wannan ƙura ga Farfesa Ehrenberg na Balin, ya duba ta da na'urar ƙara girma, ya iske ɓawon halittun ruwan daɗi a ciki, alhali a tsakiyar teku aka tara ta. To, in ƙurar da ta yi tafiyar dubban kilomitoci ta iya taɓa na'ura a tsakiyar teku, ina ga na'urar da ke zaune a kan hanyarta?

A nan ne maganar ƙanƙarar dutse take da muhimmanci. Masana suna da sikeli na taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, wanda Friedrich Mohs ya tsara a 1812. A wannan sikeli ƙanƙarar dutse tana kan 7, gilashin taga tana wajen 5 da rabi, alminiyam kuwa bai kai 3 ba. Madubin na'urar hangen taurari ba kamar madubin ɗakin amarya yake ba, wanda aka shafa wa ƙarfe ta baya, gilashi ya kāre shi. Shi a fuska aka shafa masa alminiyam, kaurinsa kimanin kashi 1 cikin 10,000 na milimita, wani lokaci da ɗan mayafi mai kariya wanda shi ma bai fi haka kauri ba. Silin gashin kai ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Idan ƙwayar ƙura ta sauka a kansa ta kwanta, ba ta yi kome ba illa tare ɗan haske. Amma da zarar an sa tsumma an goge, kowace ƙwaya ta zama bakin aska, ta ja layi a fuskar madubin, layin da ba ya gyaruwa sai an cire alminiyam ɗin duka an sake shafa sabo.

Saboda haka hannu ya fi iska ɓata madubi. Mutumin da ya saba ganin direba yana goge gilashin mota da tsumma kowace safiya, da ya haska tocila cikin bututun na'urarsa ya ga ta yi furu-furu, hankalinsa zai tashi. Tocila kuwa ƙarya take yi, domin haskenta daga gefe yakan nuna ƙura fiye da yadda take. A na'urori masu madubi biyu, ƙaramin madubin da ke tsakiyar bututu yana tare kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na hasken da ke shigowa, wani lokaci ma fiye, ba wanda ya damu. Ƙurar wata guda da wuya ta tare haka. Illarta ita ce tana ɗan warwatsa haske, baƙin sama ya rage baƙi, taurari masu rauni su yi wuyar fita. Wannan hasara ce, amma ta ɗan lokaci ce. Wanda ya goge kuwa, garin neman gira ya rasa ido.

Akwai wuraren da ƙura ta fi cuta, kuma su ne ba a cika dubawa ba. Na farko haƙoran injin da ke juya na'ura yana bin taurari. Man giris aka shafa musu, in ƙura ta shiga cikin man sai ya koma abin wasa ƙarfe, ya riƙa cin haƙoran a hankali, har na'urar ta fara rawa, taurari su fito a hoto kamar waƙafi. Na biyu fuskar kyamara. Ƙwaya ɗaya a kan tagar kyamara takan fito a kowane hoto kamar zobe mai duhu. Wannan yana da magani: a ɗauki hoton sama tun da magariba kafin taurari su fito, kwamfuta ta yi lissafi da shi ta cire zoben. Na uku shi ne haɗuwar ƙura da raɓa. A tsakiyar hunturu iska a bushe take ƙamas, ba raɓa. Amma a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, da kuma lokacin da danshi ya fara dawowa a bazara, raɓa takan jiƙa ƙurar da ke kan gilashi, rana ta busar da ita, yumɓun da ke ciki ya manne kamar yaɓe. Ita wannan iska ba ta kore ta, sai wanki.

Yanzu sai a zo ga ɗakin da ke sarrafa kansa, wanda shi ne zuciyar wannan magana. Mutumin da ke fita da na'urarsa tsakar gida yana da hanci da ido. In ya ji ƙura a maƙogwaro, ya ga wata ya yi ja, sai ya mai da kayansa ɗaki. Kwamfuta ba ta da wannan, sai abin da aka sanya mata. Kayan da ake sayowa daga Turai da Amurka kuwa don ƙasashensu aka ƙera su. Akwai ma'aunin da ke jin ɗigon ruwan sama, akwai mai auna ƙarfin iska, akwai mai gane gajimare ta hanyar auna sanyin sararin sama. Ƙura busasshiya ce, mai jin ruwa ba ya jin ta. Sau da yawa cikin dare mai tsit take sauka, mai auna iska bai ga laifi ba. Mai auna gajimare kuma yana iya ɗaukar daren hazo a matsayin dare mai kyau. Ga shaidu uku sun ce a buɗe, sai rufi ya buɗe, na'ura ta kwana baki sama tana tarar ƙura, hotunan da ta ɗauka kuma ba su da amfani.

Manyan ɗakunan duban taurari da ke maƙwabtaka da hamada sun daɗe da gane wannan. A tsibirin La Palma na ƙasar Sifen, yamma da Maroko, akwai na'urori a kan dutse mai tsawon mita 2,400, cikinsu har da wadda faɗin madubinta ya kai mita 10.4, wadda aka buɗe a 2009. Ƙurar Sahara takan kai musu ziyara, don haka suna da na'urar ƙidaya ƙura, in ta wuce iyakar da suka sa sai a rufe, kome kyan sama. A Ukaimedan, cikin duwatsun Atlas na Maroko, akwai wata na'ura mai madubin santimita 60 da aka kafa a 2016, wadda masanan Jami'ar Liyej ta Beljiyam da na Jami'ar Kadi Ayyad ta Marrakesh suke sarrafawa daga nesa. Ita tana kan tudun da ya kai mita 2,700. Kaduna kuwa wajen mita 600 take bisa teku, watau a cikin cikin hazon take zaune. In waɗancan suna bukatar ma'aunin ƙura, mutumin Unguwar Dosa ya fi su bukata.

Abin farin ciki, ma'aunin ya yi araha. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, da 'yar fanka da ke zuƙo iska, da tsinken haske da ke ƙidaya ƙwayoyin da suka gifta. Amma masu arahar sun fi gane hayaƙi da ƙura mai laushi ƙwarai, manyan ƙwayoyi sukan kuɓuce musu, saboda haka bai kamata a ɗauko lamba daga littafin wata ƙasa a ce ita ce iyaka ba. Hanya mafi aminci ita ce a bar ma'aunin ya yi hunturu guda yana rubutu, mai gida kuma yana lura da yadda sama take kowane dare, sa'an nan a tsai da iyaka. Ana iya ƙara masa shaida ta biyu: kyamara ta auna hasken wani sanannen tauraro, in ya ragu da rabi, a rufe. Ta uku kuwa hasashe ne. Hazo ba ya zuwa bai ɗaya, zuwa yake yi kashi-kashi, ya yi kwana uku ko huɗu ya lafa. Hukumar NiMet tana ba da sanarwar hazo, kuma tun 2014 akwai cibiya a Basalona ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya da ke fitar da taswirar tafiyar ƙura a intanet. Tun da ƙura takan kwana a hanya kafin ta iso daga Chadi, akwai lokacin shiri. Dararen da ke tsakanin wannan kashi da wancan, tare da makonnin da ke bin ɗaukewar ruwa, su ne ribar shekara.

Ba dukan ƙura ce baƙuwa ba. Akwai ta gida: jar ƙasar layukan da ba kwalta, wadda Keke Napep da motoci ke tayarwa da yamma, da ƙurar shara, da ta masu gini, ga hayaƙin janareto da na ƙona bola da na ƙunar daji. Wannan ta fi ta Chadi girman ƙwaya, ba ta hawa sama sosai, kuma takan kwanta in ƙafa ta ɗauke. Don haka ɗakin da ke saman bene ya fi na tsakar gida, kuma buɗewa bayan sha ɗayan dare ya fi buɗewa bayan isha'i.

Sai maganar wuta, wadda littattafan waje ba su cika tsayawa a kanta ba. Rufin da ya buɗe da wutar lantarki, da wuta zai rufe. In aka ɗauke ta da ƙarfe biyun dare fa? A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ƙa'ida a nan guda ce: injin rufi ya kasance a kan batir nasa na kansa, wanda sola ke caji, kuma a tsara shi yadda duk abin da ya yanke, wuta ce ko intanet ko ita kanta kwamfutar, to rufewa zai yi. Haka kuma a ɗaga bangon ɗakin yadda rufi zai wuce ta kan na'ura ko ina ta fuskanta, kada ya tsaya jiran ta sunkuya. Wanda ya san hadarin farkon damina a Kaduna ya san dalili. A watan Afrilu da Mayu bangon ƙura ke riga ruwa isowa daga gabas, da iska mai kwashe kwano, kuma tsakanin alamarsa da isowarsa 'yan mintoci ne. Rufin da ke cin minti biyar kafin ya rufe ya makara.

Ginin kansa ba ya bukatar baƙon gwani. Rufi mai gangarawa a kan ƙafafu bisa dogon ƙarfe, dabararsa ɗaya ce da ta ƙofar get mai gangarawa, wadda masu walda na Panteka suka ƙware a kanta. Abin da za a nanata musu shi ne toshe kafofi. A sa roba ko burushi a duk inda rufi ya haɗu da bango, a toshe ramukan da ke ƙarƙashin kwano, a shafe daɓen siminti da fenti domin siminti tsirara shi ma ƙura yake haifarwa. Kada a shimfiɗa kafet, kada kuma tsintsiya ta shiga, sai jiƙaƙƙen tsumma. In za a sa fanka don rage zafin rana, ta zama mai turo iska ciki ta bayan matata, yadda iska za ta riƙa fita ta kafofi. Fankar da ke fitar da iska waje tana jawo ƙura ta kowace kafa. Game da zaɓen na'ura, mai rufaffen bututu, wadda gilashi ya toshe bakinta, ta fi dacewa da nan bisa mai buɗaɗɗen bututu irin wadda Newton ya ƙera a 1668, domin wanke gilashin baki ya fi wanke madubi sauƙi. A sa mata murfi mai inji wanda ba ya buɗewa sai rufi ya gama motsi, in ta gama aiki kuma ta kwanta bakinta na kallon ƙasa ko gefe.

Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan suna da rabo cikin wannan magana. Azumin 2025 a ranar 1 ga Maris aka fara shi a Nijeriya, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Ke nan shekaru da dama masu zuwa cikin hazo za a riƙa neman jinjirin watan Ramalana da na Shawwal. Jinjirin wata kuwa dab da ƙasa yake bayyana, inda haske ke ratsa iskar da ta ninka ta tsakar ka sau goma ko fiye, ita ce kuma mafi ƙura. Duk hukuma ko makaranta da za ta sayi na'ura don wannan aiki ko don koyarwa, ya kamata takardar sayen ta ƙunshi ɗaki da murfi da ma'auni da kuɗin kulawa na shekara-shekara, da sunan ma'aikacin da aka koya wa wanki. Sayen na'ura ba tare da waɗannan ba, ɓarnar dukiyar jama'a ce, domin sake shafa alminiyam aiki ne na masana'anta ta musamman mai tukunyar da aka zuƙe wa iska, kuma yawanci sai an aika da madubin ƙasar waje.

Wankin kuwa ga yadda yake. Manyan ɗakuna sukan fesa wa madubinsu iskar kabon da ta daskare ta zama kamar garin ƙanƙara, ta kwashe ƙura ba tare da an taɓa shi ba. A gida sai a fara da roba mai hura iska, ba baki ba, domin baki yana fesa yawu. Sa'an nan a cire madubin a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a bar ruwa ya kwashe abin da zai kwashe. Abin da ya rage a ja auduga mai tsabta a kansa a ƙarƙashin ruwa, da nauyinta kaɗai, ja ɗaya a yar a ɗauki sabuwa. A ɗauraye da tataccen ruwa wanda aka tara daga tururi, domin ruwan rijiya da na burtsatse sukan bar tabo. A nan a yi hattara da abin da ake kira ruwan batir a kasuwa, wani asid ne. A jingine madubin ya tsane da kansa. Sau ɗaya a shekara ya isa, kuma lokacinsa ƙarshen Afrilu ne, bayan hazo ya tafi, domin ƙurar da aka bari ta shiga damina ita ke zama abincin funfunar da ke cin fuskar gilashi. Bayan wanki a sa ƙunshin garin nan mai shan danshi cikin bututu, a riƙa sauya shi har Oktoba, a kuma leƙa kowane mako ko biyu saboda zanzaro, wanda ke son gina ɗakinsa na laka a cikin bututu mai duhu da bayan injin rufi.